Kashe Ka Ji Mai Ihu

"To mu tsaya a kan magana ɗaya," in ji Manaja, yana laluben makullin motarsa a ƙarƙashin takardu. "Ɗakin nan na ƙarƙashin bene, ina son in same shi fayau kafin a tashi aiki yau. Gobe da safe za a kawo injin ɗaukar hoto, kuma ba inda zan sa shi sai nan. Ka kwashe komai ka mayar sabon ɗaki, kada ƙorafi ko ɗaya ya iso teburina. In ka yi haka, sunanka zan kai."

Injiniya bai tambayi inda za a kai sunan ba. Kowa a asibitin ya san masu wurin sun ce mutum biyu sun yi yawa a sashen kwamfuta. Kujera ɗaya za a bari ta dindindin, ɗayan kuma a sallame shi da godiya. Shi ne da abokin aikinsa, wanda ake kira Sannu-da-aiki.

"Na yarda," in ji Injiniya. "Amma ni ma ina da sharaɗi. Ka janye min mutumin nan yau."

"Me ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba, ranka ya daɗe. Surutu ne. Kebul ɗaya zai riƙe, ya tsaya gaishe da mai shara har ya tambayi lafiyar kakarta. Ka tura shi reshenmu na bayan gari, ai akwai firintar da ke ba su wahala."

Manaja ya yi 'yar dariya ta mai gajiya. Shi dai ɗaki yake so, ko aljani ne zai share masa. Ya miƙo hannu suka tafa, ya ce yana da taro a wani wuri har yamma, ya fita.

A faɗi gaskiya, Injiniya ya san aikinsa. Tun da ya zo asibitin, netwok bai taɓa kwana a kwance ba. Yana iya kallon fitilun nan masu ƙyafta ido a jikin na'ura ya gaya maka wace waya ce ke ciwo a hawa na uku. Na'ura ba ta yi masa ƙarya, ba ta yi masa kwana-kwana, shi ya sa yake son ta. Mutane ne ba ya iya wa. In ka kira shi a waya, kafin ka gama sallama zai ce, "Ka kashe ka kunna?" In ka ce a'a, ya ajiye. Don haka a gabansa Injiniya ne, a bayan idonsa kuwa Kashe-ka-kunna, har masu gadi sun san sunan. Shi kaɗai bai sani ba.

Ya sami Sannu-da-aiki a ɗakin ƙarƙashin benen, yana saɓa jakarsa. Mutum ne mai tumbi da yawan fara'a, wanda aikin da Injiniya zai gama kafin shayi ya huce, shi sai ya kai azahar a kansa. Amma ya san wa ya haihu, wa ya yi rashi, wace nas ce mijinta ya rasa aiki.

"An kore ni zuwa bayan gari, yaya," ya ce. "Ban san wa ya kai ƙarata ba."

"Firinta ce ta kai."

"Allah ya saka mata." Ya nuna wani akwati mai launin toka a lungu, ƙura ta yi masa hula, fankarsa na gurnani kamar tsoho mai minshari. "Wancan fa? Mun same shi a nan, ba takarda, ba suna. Ka bari in dawo in zaga ɗakuna in tambaya ko na wani ne. Mai tambaya ba ya ɓata."

"Mai tambaya ba ya gama aiki. Wa zai gaya maka gaskiya? In ka tambaye su, kowa zai ce nasa ne, don tsoron kada a taɓa. Akwai hanyar da masu wannan sana'a ke bi tun kafin a haife ka. Ka kashe, ka zauna, ka ji wanda zai yi ihu. In an yi ihu, ka kunna, ka san mai shi. In ba a yi ba, gawa ce."

"In mai shi ba mai ihu ba ne fa?"

"Ba a yi mutumin da za a yanke wa aiki ya yi shiru ba."

Sannu-da-aiki ya gyara jakarsa a kafaɗa. Ya ce a gaida gida, ya tafi. Tun bai kai ƙofar asibiti ba Injiniya ya sa yatsa ya danne maɓallin akwatin. Gurnanin ya mutu.

Aikin safe ya tafi sumul. Ya ɗauke manyan na'urorin ɗaya bayan ɗaya, da tsarin da ya kwana biyu yana shiryawa, ba wanda ya ji ko girgiza. Wurin karɓar kuɗi na aiki, ɗakin magani na aiki, likitoci na buɗe bayanan marasa lafiya. Duk wadda ya ɗauke sai ya leƙa shafin da ya buɗe wa ma'aikata don shigar da ƙorafi. Wayam. Ya dubi wayar tebur. Tana kwance kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Abin da ya dame shi kawai ƙarar ƙafa ce. Ɗakin yana ƙarƙashin bene, kuma yau benen bai huta ba. Ƙwas ƙwas ƙwas a sauko, ƙwas ƙwas ƙwas a hau. Ya leƙo sau ɗaya, ya ga wata nas ta wuce da takarda a hannu tana haki, wata na biye da ita. Da suka haɗa ido ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri. Ya yi tsaki, ya ce a ransa asibiti ya zama filin tsere, ya turo ƙofa ya rufe.

Wayarsa ta aljihu ta yi ƙara wajen hantsi. Sannu-da-aiki ne. Ya bar ta ta gaji. Can sai ga saƙon murya, dogo. Ya danna yana ɗaure kebul da haƙori.

"Salamu alaikum yaya, sannu da aiki, sannu da fama. Ya gajiya? Ya ɗawainiya? Na iso lafiya, hanya dai ka san ta. Mutanen nan duk suna gaishe ka, har mai gadinsu ya ce..."

Injiniya ya katse. Ya kifa wayar a kan kwali. Wanda ake takara da shi, ya ce a ransa, ba zai rasa dalilin sa baki a aikin da aka hana shi ba.

Da azahar ya fito da kwalin tsofaffin wayoyi, ya tarar da wani mutum zaune a matakalar farko, ya haɗa kai da gwiwa, jakar kayan jarirai a gefensa.

"Malam, ɗan matsa."

Mutumin ya miƙe da sauri. "Yi haƙuri. Don Allah kai ma'aikaci ne a nan? Matata ce a sama, tun safe ake cewa ana jiran..."

"Ba sashena ba ne. Ka tambaya a wurin karɓar baƙi."

A ɗakin cin abinci ya sami tebur cike da ma'aikata, kawuna a haɗe, ana magana ƙasa-ƙasa. Yana ajiye farantinsa maganar ta ɗauke kamar an cire mata waya. Wani ya ce zafi ya yi yawa bana. Wani ya ce ƙwarai kuwa. Injiniya ya saba da haka, har yana ɗaukar sa girmamawa. Ya ci, ya sha ruwa, ya koma.

La'asar ta kawo kai, shafin ƙorafi na nan wayam. Ya tsaya a kan akwatin mai launin toka, hannu a ƙugu. Ya ba shi yini guda, ba wanda ya yi masa kuka. Duk da haka, da yake shi ba mai aikin ganganci ba ne, ya jona masa allo ya kunna shi ba tare da ya haɗa shi da netwok ba, ya duba cikinsa. Ba takardun kowa, ba hotuna, ba sunan wani sashe. Sai wata 'yar manhaja mara suna, irin tarkacen da ma'aikatan da suka shuɗe ke bari a baya. Ya kashe.

Dokar asibitin ita ce, faifan ajiya ba ya fita da rai, don kada sirrin marasa lafiya ya bi shi kasuwa. Shi da kansa ya kafa dokar. Ɗan gwangwan da ke sayen tsofaffin ƙarafa yana jira a bayan gini da kurarsa. Injiniya ya kwance faifan, ya aza a kan dutse, ya ari gudumar mutumin.

"A bar min shi da lafiyarsa mana, oga," in ji ɗan gwangwan. "Ya fi daraja."

"Matsa baya."

Ya sauke wa faifan guduma har sai da ya ji cikinsa na kacau-kacau kamar fasasshen kofi. Sannan ya share ɗakin da hannunsa, ya kashe fitila, ya hau ofishin Manaja yana jin bayansa kamar ba nasa ba.

Manaja ya dawo, bai ko cire rigar sama ba. Yana zaune yana murza goshi.

"Ɗaki ya zama fayau," in ji Injiniya, ya ajiye makulli. "Ƙorafi kuma ka duba teburinka."

"Na duba. Babu." Manaja ya ɗago. "Zauna. Ka san wa ya gaya min sakamakon gwajin jini ya daina zuwa ɗakin masu haihuwa tun safe? Direbana. A hanya, muna tsaye a danja. Shi mai gadi ya gaya masa. Mai gadi ya ji daga mai shara. Mai shara ta ji daga 'yan nas ɗin da suka wuni suna sauka ɗakin gwaji suna kwafo sakamako da biro. Akwai matar da aka ɗaga wa aiki har yamma don ana jiran a tabbatar da jininta. Allah ya rufa asiri, ta sauka lafiya. Na kira mutumin gwaji, ya ce injin jininsu tsoho ne, ba ya jin yaren sabon tsarinmu, akwai wani akwati a ƙarƙashin bene da ke yi musu tafinta. Kamfanin da ya haɗa shi ya daɗe da rufewa. Ina akwatin?"

Sai komai ya dawo wa Injiniya. Ya ga takardun a hannun nas, ya ga mutumin matakala da jakar jarirai, ya ga wayarsa a kife a kan kwali.

"Ba wanda ya kira ni," ya ce.

"Na sani."

"Da mutum ɗaya ya ɗaga waya, da yatsa ɗaya zan mayar da shi. Na jira su yini guda."

"Na sani, Injiniya. Asibiti guda ya san abin, har mai sayar da katin waya a bakin ƙofa. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, kuma a ƙarƙashin ƙafarsu kake zaune." Ya ja numfashi. "Za ka iya haɗa wani?"

"Zan iya. Amma sai an ɗau makonni."

"To za ka haɗa. Alkawari kuma na nan, ban ci ba. Ka share ɗaki, ƙorafi bai zo teburina ba, sunanka zan kai. Sai dai ba ni kaɗai ke zaɓe ba. Babbar nas tana cikin masu zama, da mutumin gwaji. Ka je ka huta."

Bai tafi hutawa ba. Ya hau benen nan da ya wuni yana jin ƙararsa, yana dafa ƙarfe. A ɗakin masu haihuwa ya sami babbar nas, dattijuwar da kowa ke kira Mama, zaune a kan kujerar roba. Ta cire takalma, ƙafafunta sun kumbura sun yi sumul. Ita ma ta sauka benen, ashe, da 'yan matan suka gaza.

"Sannu, Mama."

"Yauwa, ɗana. Yau kai ne a sama? Lafiya dai?"

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

Ta dube shi ba fushi, ba murmushi. "Na kashe na kunna. Kamar yadda ka koya min. Na sake kashewa na sake kunnawa. Da sakamakon bai zo ba sai na ce to, tsufana ne."

Sai a lokacin ya tuna. An kwana biyu da yin abin. Ta taɓa kiran sa ta ce kwamfutarta ta mutu. Ya hau, ya tarar allo ne kawai a kashe. A gaban 'yan nas ɗinta da masu jinya ya sa yatsa ɗaya ya danna, ya ce, "Mama, ai ko firjin gida yana da maɓalli." Aka yi dariya. Shi ya manta tun kafin ya kai ƙasa.

"Yaran nan fa?" ya ce. "Su ma ba su da baki?"

"Sun ga abin da aka yi wa uwarsu. Wa zai kai kansa?" Ta murza idon sawunta. "Mun kira ɗan'uwanka. Ya ce ya kira ka, ya bar maka saƙo. Ya so ya taho, ya ce an ce kada a gan shi a nan yau. Amma bai bar mu haka ba, bini-bini ya bugo, Mama ya ake ciki, Mama ku yi haƙuri, ku fara da masu gaggawa. Bai gyara komai ba, ka ji. Amma mun san akwai wanda ya san muna wahala."

Injiniya ya tsaya. Akwai kalma a maƙogwaronsa, gajeriya, wadda yara ma ke faɗa, amma ta yi tsatsa don rashin amfani. Kafin ta fito, wata nas ta taso tana jan ƙafa, da takarda a hannu za ta sauka.

"Kawo," ya ce.

Ta dubi Mama. Mama ta gyaɗa kai. Ya karɓi takardar ya sauka ɗakin gwaji, ya kwafo sakamakon da biro, ya hau. Ya sake sauka. A sauka ta uku gwiwarsa ta fara ba shi labari.

A cikin motar haya ya saurari saƙon har ƙarshe. Bayan gaisuwar mai gadi da ta mai shayi, muryar ta ce, "Yaya, Mama ta ce jini ba ya zuwa sama. Ina jin akwatin nan ne. Don Allah ka kunna, kada ka ce na sa maka baki."

Ya isa gida rana na faɗuwa. Matarsa ta karɓi jakarsa, ta kawo ruwa, ta tambayi aiki, ya ce da godiya. Gidan shiru kamar kullum, kuma ya daɗe yana yi wa abokai alfahari da shirun nan. Ya zauna yana kallon ta tana ninke kayan yara.

"Ina wayarki?" ya ce. "Na kwana biyu ban gan ta a hannunki ba."

"Tana wurin mai gyara. A kasuwa."

"Mai gyara? Ina cikin gidan nan?"

"Ka gaji da yawa in ka dawo, baban yara."

"Gaya min gaskiya."

Ta ci gaba da ninki. "In na kawo maka, sai ka tambaye ni me na taɓa. Shi kuwa sai ya tambaye ni me take yi."

Ya juya kofin ruwa a hannunsa. "Sai me kuma ya lalace a gidan nan da ban sani ba?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta dube shi da kyau, ta ga ba gatse ba ne. Sai ta jawo kujera ta zauna, irin zaman wanda zai daɗe.

Da aka yi zaman zaɓe, Manaja ya kai sunan Injiniya kamar yadda ya ce, ya karanta shi da babbar murya, aka wuce. Kujera ta tafi ga Sannu-da-aiki. Shi Injiniya aka riƙe shi na wucin gadi, ya haɗa sabon tafinta, a ƙarƙashin mutumin da ya sa aka tura bayan gari.

In ana lissafin riba, Manaja ya sami ɗakinsa, bai kuma karya alkawari ba. Ɗan gwangwan ya sami akwati da fanka da wayoyin tagulla, ya yi asarar faifai ɗaya. Sannu-da-aiki ya sami kujera, tare da na'urorin da ba sa amsa gaisuwa, har ya fara ramewa. Mama da 'yan matanta sun biya da ƙafafunsu, su da ba a yi cinikin da su ba. Injiniya ya rasa abin da ya tafa hannu a kansa. Abin da ya samu kawai shi ne, yanzu wayar teburinsa tana ƙara, kuma ya bar ƙofar sabon ɗakinsa da ke gefen matakala a buɗe, yana jin duk wanda ya taka benen.